Injin Jarfa a Madinat Khalifa

Absalom Ɗanladi mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya wuce bai leƙa cikinsa ba. Tun yana ƙarami a ƙauyensu da ke gefen Malumfashi aka san shi da wannan hali. Ya taɓa warware rediyon mahaifinsa don ya ga inda mai maganar yake zaune, ya kasa mayar da ita, ya sha bulala, washegari kuma aka same shi ya tasa fitilar cocin garin a gaba. Halin bai sake shi ba, sai ma ya zame masa hanyar abinci. Ya karanci gyaran na'urorin asibiti a Kaduna, a can ya haɗu da Sophia, wata nas mai saurin magana da saurin aiki. Suka yi aure, suka haifi 'ya mace suka sa mata Jael. Sophia ce ta fara samun aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Doha, daga baya ta jawo mijin. Yarinyar suka bar ta Kaduna wurin kakarta saboda makaranta, su kuma suka kama ɗaki da falo a unguwar Madinat Khalifa, saman wani shagon wanki da guga.

Da korona ta sauka a farkon 2020, aikin Absalom ya ninka. Injinan da ke taimaka wa marasa lafiya numfashi ba sa hutawa, don haka masu gyaransu ma ba su ga hutu ba. An rufe coci, an rufe gidajen cin abinci, ko kanti za ka shiga sai ka nuna wa mai gadi wayarka ya ga ta nuna kore, alamar ba ka ɗauke da cutar. Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida.

A cikin wannan hali ne wata rana abokin aikinsa, wani ɗan Filifin mai suna Renato, ya ja ƙofar ɗakin gyara ya rufe, ya zaro wata tsohuwar safa daga jakarsa. A cikin safar akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, da naɗin waya guda biyu, da wani siririn ƙarfe a sama wanda ya karye.

"Za ka iya tayar mini da wannan?" in ji Renato.

Absalom ya juya abin a hannunsa. "Wannan ai ƙararrawar ƙofa ce. Ina murfinta?"

Renato ya yi dariya a cikin takunkuminsa, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Sun shekara biyu suna aiki tare, Absalom bai taɓa ganin damtsensa ba. Kifi ne a zane, babba, ya lanƙwashe jikinsa cikin igiyar ruwa, kowane ɓawo a fili.

"Da wannan injin yayana ya yi mini shi," in ji Renato. "Tatu, wato jarfa. Da zai rasu ya bar mini."

Gyaran bai ɗauki Absalom lokaci ba. Ya yanko wani siririn ƙarfe daga cikin tarkacensa, ya lanƙwasa shi daidai da karyayyen, ya ɗaura, ya ba shi wuta. Injin ya kama kuka kamar zirnaƙo a cikin gwangwani. Renato ya yi ta godiya, amma Absalom hankalinsa na kan kifin.

"Tsaya tukuna. Fatar mutum ai saɓa take yi, ko? Ta jiya ba ita ce ta yau ba. To me ya hana tawadar fita tare da ita?"

Renato ya ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba. Ni dai na san ba ta fita."

Amsar nan ta hana Absalom sakat. Bayan 'yan watanni asibitin ya rage ma'aikata, sunan Renato ya fito. Ranar da zai tafi ya miƙa wa Absalom safar. Ya ce a garinsu ana samun sababbi, shi kuma bai iya zane ba, injin ya fi dacewa da wanda ya tayar da shi. Absalom ya fara ƙi, Renato ya tura masa cikin aljihu ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Akwai wata likitar fata a asibitin, Dakta Sakinatu, 'yar Zariya, wadda suke gaisawa da Hausa duk sanda suka haɗu. Absalom ya tare ta wata rana da ya je duba fitilar ɗakinta, ya yi mata tambayar da ya yi wa Renato.

"Injiniya, kai da na'ura, me ya kai ka fata?" ta ce. Amma da yake tana son koyarwa, sai ta gyara zama. Ta ce fata hawa-hawa ce. Ta sama ita ce mai saɓa, ta ƙarƙashinta kuwa zaune take. Idan allura ta ajiye tawada a ta saman, za ta fita. Idan ta ajiye a ta biyun, sai sojojin jiki, waɗannan ƙwayoyin da ke cinye duk wani baƙon abu, su rugo su haɗiye ta. Sai dai ba za su iya narkar da ita ba. Haka za su zauna da ita a ciki, in sun mutu wasu su zo su karɓa.

"Wato jiki yaƙi yake yi da ita har mutum ya mutu?"

"Riƙe da ita dai yake, ya rasa inda zai kai ta. In kuma allurar ta zarce ta shiga kitse, sai tawadar ta bazu, zanen ya dagule." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ba dai yi kake son yi ba?"

"Tambaya ce kawai, Likita."

"To. Mu dai a addininmu ba ma yi, ka sani. Kuma ka zaga garin nan kaf, ba za ka ga shagon masu yi a bakin titi ba, ba na jin ana ba da izini. Kada ka ja kafil ɗinka, wanda ya tsaya maka a takardun aiki, ya ɗora ka a jirgi."

Ya ce ya ji. Kuma da gaske ya ji, sai dai a hanyar gida ya tsaya ya sayi lemon zaƙi leda guda, domin ya gani a waya cewa a jikin ɓawon lemo masu koyo suke farawa.

Dama ya iya zane tun firamare, shi ake kira ya zana taswira a allo. Amma zane da injin da ke rawa a hannu wani abu ne daban. Lemon farko ya huda shi har ruwa ya fito. Na biyu layin ya tafi a karkace kamar tafiyar mashayi. Ya yi ta yi a ranakun hutunsa, ya koma ayaba, daga baya ya yi odar wata roba mai laushi da aka yi don masu koyo. Sophia ta dawo daga aiki ta tarar da kwanon lemo, kowanne da tauraro ko zakara ko ganyen rogo a jikinsa.

"Baban Jael, wannan kuma wace sabuwar cuta ce?"

"Gwaji nake yi."

"Gwajin me? Ka manta wa'azin da fasto ya yi a kan masu zana jikinsu? Ka manta inda muke?"

"Lemo ne fa, Maman Jael. Lemo ba shi da fasto."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Daga ranar suka shiga shan lemo safe da yamma, har Sophia ta ce ko warinsa ba ta son ji.

Ana haka sai ya tuna da kakarsa, Kaka Asabe. Tsohuwar tana da jarfa tun daga wuya har ƙirji, wasu ƙananan layuka da ɗigo-ɗigo masu duhun kore, waɗanda yake bi da yatsa in ta ɗora shi a cinya. Bai taɓa haɗa wannan da kifin Renato ba sai yanzu. Ya kira mahaifiyarsa a waya. Bayan gaisuwa da tambayar damina, ya kawo maganar.

"Inna, jarfar nan ta Kaka, wa ya yi mata?"

"Wanzami mana. Ranar kasuwa yake zuwa. Ya tsattsaga da aska, ya shafa baƙin tukunya, shi ke nan."

"Me take nufi? Alamar gidanmu ce, ko maganin wani abu?"

Ya gyara zama yana jiran wani babban sirri. Sai ya ji tsohuwar ta fashe da dariya har da tari.

"Wane irin nufi? Ado ne! Ƙawayenta sun yi, ita ma ta yi. Ta ce kuka ta yi ta yi, ta so ta gudu an yi rabi, ƙawayen suka danne ta. Ni ma na so a yi mini, sai malamin coci ya hana 'yan ajinmu. Kai kuma me ya tuno maka?"

Ya ce ba komai, tunawa kawai ya yi. Ya ajiye wayar yana murmushi, ya kuma ji wata sabuwar tambaya ta taso masa: yaya zafin yake, har mace ta so gudu amma ta zauna da abin tana alfahari da shi har tsufa?

Wannan tambayar babu likitan da zai amsa masa ita. Wata Juma'a da rana, Sophia tana bakin aiki, ya share teburin falo, ya goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sa safar hannu, ya ɓare sabuwar allura. Ya aske gashin sharaɓarsa ta hagu, ya zana ƙaramar zangarniyar dawa da alƙalami. Ya kunna injin.

Zafin bai kai yadda ya zata ba, kamar ana jan reza mai ɗumi ne a hankali. Abin da ya ruɗa shi shi ne fatar kanta. Lemo ba ya motsi, ba ya jini, ba ya kumbura. Fata kuwa tana miƙewa tana tsukewa, tawada da jini suna rufe layin, ya goge ya ga kamar bai shiga ba, sai ya ƙara dannawa. Ya tuna gargaɗin Dakta Sakinatu bayan aikin gama ya gama.

Kwana biyu ya ɓoye a cikin dogon wando. A na uku ƙafar ta yi ja ta ɗau zafi, Sophia ta ga yana ɗingishi.

"Ɗaga wandon nan."

Ya ɗaga. Ta durƙusa ta duba. Ta ɗauko akwatinta ta wanke wurin, ta shafa magani, ta ɗaure, duk da irin hannun da take taɓa marasa lafiya. Sai da ta gama ta zauna a kujera ta dube shi.

"Ni ina can ina juya mutanen da numfashi ya gagara, kai kana nan kana huda kanka. In ƙafar nan ta ruɓe, me zan ce wa likita? Me zan ce wa Jael?"

Absalom ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Ka yi mini alkawari," in ji ta. "Muddin muna garin nan, allurar nan ba za ta sake taɓa jikin kowa ba. Har da naka."

Ya yi alkawarin, bai kuma karya ba. Da ciwon ya warke, zangarniyar ta bazu ta zama wani abu mai kama da ƙadangaren da mota ta taka. Sophia ta sa masa suna Ƙadangare, in suna faɗa takan ce ya je ya tambayi Ƙadangare.

Ya ci gaba da robarsa da takardunsa. Ya bi darussa a waya kan tsafta da allurai da tawada. Wani abu kuma ya riƙa damunsa: kusan duk hotunan da ake koyarwa da su a jikin fararen fata suke. Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, duk suna fita tas. To a jikinsa fa? A jikin Sophia fa, da ta fi shi duhu? Bai sami wanda zai tambaya ba.

Haka aka tafi har cutar ta lafa, aka buɗe gari, gasar cin kofin duniya ta matso a ƙarshen 2022. Sophia tana da mai yi mata kitso a Bin Mahmud, Anti Adisa, 'yar Zangon Kumasi, mace mai jiki da murya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta sami izinin kafa rumfar lalle a wani fili da aka keɓe wa baƙi wajen Al Asmakh, amma abu ɗaya ya tsaya mata.

"Mazan nan ba su son fure," ta ce wa Sophia tana ja mata gashi. "Wannan ya ce zaki, wannan ya ce mikiya, wannan ya ce tuta. Yarana fure kaɗai suka iya. Kuma namiji ya fi kyau namiji ya riƙe hannunsa. Kai ba ka san wani ba?"

Sophia ta ce, "Lalle dai gogewa yake yi, ko?"

"Sati biyu ya tafi."

"To mijina ya iya zane."

Da ta dawo gida ta gaya masa, Absalom ya tsaya yana kallonta kamar an musanya masa mata. Ta ce kada ya kalle ta, ta gaji ne da ganin yana zana roba kamar wanda aka yi wa asiri. Ya ɗauki 'yan kwanakin hutun da ya tara, ya kwana biyu yana koyon matsa lalle daga ƙunshin leda, ya tafi rumfa.

Bai taɓa ganin Doha haka ba. Titunan da ya saba gani shiru sun cika da ganguna da waƙoƙi, 'yan Meksiko da manyan malafunsu, 'yan Ajantina cikin shuɗi da fari, 'yan Maroko da jar tuta a kafaɗa. Kuma ga jarfa ko'ina. Abin da ya shekara biyu yana kallo a waya, ga shi yana zuwa da ƙafarsa, yana zama a kujerar gabansa, yana miƙo masa hannu. Wani sai an yi ta neman inda babu zane kafin a sami wurin sa lallen.

Absalom ya kasa yin shiru. Kowa ya zauna sai ya tambaye shi, da Turanci, da hannu, da wayar fassara. Wannan shekara nawa da yi? A ina? Ya yi ƙaiƙayi? Wani dattijo ɗan Urugwai ya nuna masa wasu kalmomi a wuyan hannunsa, ya ce rubutun matarsa ne, daga takardar cefane aka kwafo bayan ta rasu. Wani saurayi Bature mai hoton agwagwa a ƙauri ya rantse bai san yadda aka yi ba, farkawa ya yi ya gan ta. Wani ya zana tafin ƙafar jaririnsa, jaririn kuma ga shi nan tsaye a gefensa da gemu. Absalom ya lura tsofaffin layuka suna faɗi, baƙi yana komawa kore, irin na Kaka Asabe, kuma na bayan hannu sun fi saurin dushewa.

"Masa, bar tambaya!" Anti Adisa takan daka masa tsawa daga ɗaya gefen, "masa" kuwa shi ne "maigida" a bakin 'yan Gana. "Dubi layi! Yalla, yi sauri!"

Ranar da Gana za ta buga wasanta na biyu, wani dogon mutum ya shigo rumfar sanye da rigar ƙasar, ya rungume Anti Adisa yana kiranta Inna. Ɗan yayarta ne, Mutala, ya zo kallon ƙwallo daga Akra. Baƙi ne wuluk, sai da ya matso cikin haske Absalom ya ga ashe hannayensa duka a zane suke, baƙi a kan baƙi, manyan layuka masu faɗi da ke fitowa in ya juya.

"Aikinsa ke nan," in ji Anti Adisa tana taɓe baki. "Uwarsa ta yi kuka ta gaji. Yana da shago."

Mutala ya ja kujera ya zauna yana kallon Absalom yana zana wa wani ɗan Senegal kan zaki. Da aka gama ya ce, "Masa, hannunka na da kyau. Amma kana riƙe numfashi in za ka ja dogon layi. Wa ya koya maka?"

"Lemo," in ji Absalom.

Mutala ya tuntsire da dariya. "To nuna mini. Duk wanda ya fara da lemo akwai abin da yake ɓoyewa a ƙafa."

Absalom ya waiga, ya ga Anti Adisa ta juya baya, ya ɗaga wandonsa. Mutala ya sunkuya ya daɗe yana duba Ƙadangare, ya shafa da babban yatsa.

"Me ka so ka zana?"

"Dawa."

"Allah Ya jiƙan dawa." Ya naɗe nasa wandon, ya nuna wani dunƙulen baƙi a gwiwa. "Wannan kwale-kwale ne. Kowa na da nasa."

Tambayoyin da Absalom ya tara suka ɓalle gaba ɗaya. Mutala ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, yana nuni a jikinsa. Ya ce tawada a ƙarƙashin launin fata take zama, kamar hoto a bayan gilashi mai duhu, don haka kala mai haske ɓacewa take yi a jikin baƙi, sai dai ja mai duhu da makamantansa. Ya ce fatarmu tana son layi mai kauri da fili a tsakani, ba ta son cunkoso. Ya ce kuma ba ta yafe wa mai nauyin hannu, in ka haƙa ta sai tabo ya taso ya yi tudu, akwai ma waɗanda in ya ga yadda tsohon ciwonsu ya warke yake mayar da su gida. Har lokacin tafiya filin wasa ya yi suna magana, abokan Mutala suna ta kiransa a waya.

Da zai tashi ya ce, "In da gaske kake, zo Akra. Amma ka sani, shara za ka fara yi, da wanke kaya, da kallo. Waya ba ta koya wa mutum fata."

Gana ba ta wuce zagayen farko ba, Mutala ya koma gida da wuri. Aka gama gasa, aka kwashe rumfa, titunan suka koma shirunsu. Absalom ya koma ɗakin gyara, amma maganar tana cinsa. Sai da aka shiga sabuwar shekara ya iya furta ta, suna cin tuwon semo da miyar kuka da aka aiko musu daga gida.

"Maman Jael, in na ce ina son abin nan ya zama sana'ata fa?"

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. "Na san za a zo nan. Ka bar aikin asibiti, ka koma huda mutane? Me za a ce a coci? Me za a ce a Malumfashi?"

"Ban ce yau ba. Ban ma san ko zan iya ba. So nake in sani."

"Kai kullum so kake ka sani." Ta dube shi. "Na zo rumfar nan ranar da na tashi da wuri, ba ka gan ni ba. Na ga yadda kake da mutanen. Tun da muka zo garin nan ban ga fuskarka haka ba." Ta ɗauki lomarta. "Ni har yanzu ban yarda abu ne mai kyau ba. Amma ka je ka gani. Jael ce farko, sai ka gama da ita."

Da hutunsu na shekara ya zo, suka sauka Kaduna tare. Ya yi rabin hutun da 'yarsa, yana kai ta makaranta yana ɗauko ta, sauran rabin ya wuce Akra da safar Renato a jaka. Mutala bai yi masa ƙarya ba. Ya yi shara, ya wanke kaya, ya naɗe kujeru da leda, ya tsaya a bayan Mutala yana kallo har ƙafafunsa suka yi tsami. Injin Renato kuwa Mutala ya yaba gyaran, ya ce amma ya tsufa, ya rataye shi a bango. Sai ana gobe zai tafi Mutala ya miƙa masa nasa injin, ya ɗora tasa ƙafar a kan kujera, ya nuna wani ɗan fili a bayan ƙaurinsa inda layuka da yawa suke jere, kowanne hannun wani ɗalibi.

"Ja layi ɗaya. Ka yi numfashi."

Absalom ya ja. Mutala ya goge, ya duba, ya ce bai yi kyau ba, bai kuma yi muni ba, ya dawo baɗi.

Yanzu haka Absalom yana Doha, yana gyaran na'urorinsa. Sun yi shawara da Sophia za su ƙara 'yan shekaru, in sun koma gida a ga abin da zai yiwu, ko Abuja ko Jos. Sophia takan ce ita dai ba ta sa hannu ba tukuna. A cocinsu mutum biyu ne kawai suka sani, ɗaya ya daina yi masa magana sosai, ɗayan kuma ya tambaye shi a ɓoye ko ana iya rufe tabon ƙuna da zane.

Kwanakin baya asibitin ya sayo wani sabon inji mai harba haske, na goge zane daga fata, aka ce Absalom ne zai haɗa shi ya riƙa kula da shi. Ranar da za a fara amfani da shi, Dakta Sakinatu ta sa ya tsaya kusa ko zai ba da matsala. Mutumin farko wani matashi ne ɗan Labanan, da sunan wata mace a ƙirjinsa, zai yi aure kuma ba ita zai aura ba. Likitar ta bayyana masa cewa hasken farfasa tawadar yake yi ta zama gari, yadda jiki zai iya kwashe ta a hankali, kuma sai ya yi ta dawowa.

Absalom, da tabaran kariya a fuska, ya matso yana leƙen rubutun.

"Likita, in jikin ya kwashe ta, ina yake kai ta?"

"Injiniya," ta ce, "bari mu sallami bawan Allah tukuna. Ka same ni a ofis."